Daga Ramin Tagulla Zuwa Ɗakin Littattafai: Rayuwar Chester Beatty da Abin da Ya Bari



A birnin Dublin, hedkwatar ƙasar Ailan, akwai wani ɗan ƙaramin Alƙur'ani wanda girmansa bai fi tafin hannun babban mutum da yawa ba. An rubuta shi a Bagadaza a shekara ta 391 bayan Hijira, watau wajen shekara ta 1000 ta Miladiyya. Wanda ya rubuta shi kuwa shi ne Aliyu ɗan Hilal, wanda aka fi sani da Ibnul Bawwabi, watau ɗan mai tsaron ƙofa, gwanin da masana rubutun Larabci suke lissafawa cikin manyan da suka daidaita haruffan da ake rubuta littattafai da su a Gabas har yau. An ce Alƙur'ani 64 ya rubuta a rayuwarsa. Wannan na Dublin shi kaɗai ne masana suka amince ya rage daga hannunsa.

To, me ya kai shi can? Ailan ba ta taɓa mulkin Bagadaza ba, ba ta taɓa mulkin kowa ba ma. Ita kanta mulkin mallaka ta sha a hannun Ingila shekaru aru-aru. Amsar ita ce, wani attajiri ɗan Amurka, mai suna Alfred Chester Beatty, shi ya saye shi, tare da dubban littattafai irinsa, sa'an nan da tsufa ya zo masa ya kwashe su ya kai Ailan, ya bar wa mutanenta. Wannan shi ne labarin da za a ba ku in kun je can, kuma gaskiya ne. Amma fa rabin labarin ke nan. Ɗaya rabin yana ƙarƙashin ƙasa a Zambiya, da bakin kogunan Ghana da na Saliyo, inda kuɗin sayen littattafan ya fito. Abin da nake so in nuna yau shi ne, a kowace gaɓa ta wannan labari, tun daga fitar dukiyar daga Afirka har zuwa saukar littattafan a Dublin, akwai wata takarda da wani ma'aikacin gwamnati ya sa wa hannu. Shi ya sa na ga laccar ta dace da wannan zaure, inda rabin masu sauraro sa hannu ne aikinsu, ɗaya rabin kuma shi suke karatu domin su kai gare shi.

Yaron da yake tara duwatsu

An haifi Beatty a birnin New York ran 7 ga Fabrairu, 1875. Tun yana yaro yake da sha'awar tara duwatsu masu launi, kuma wannan sha'awa ita ta kai shi makarantar koyon haƙar ma'adinai ta Jami'ar Kolombiya, inda ya fito da digirin injiniya a 1898. Bai zauna a ofis ba. Ya hau jirgin ƙasa ya nufi jihar Kolorado, ya shiga rami da shebur yana kwasar dutse tare da leburori. Daga nan ya yi ta hawa, har wani shahararren injiniya, John Hays Hammond, ya ja shi cikin kamfanin neman ma'adinai na gidan Guggenheim. Kafin ya kai shekara 35 ya zama miloniya. Ramin kuwa bai sake shi hakanan ba, don ƙurar dutse ta lalata masa huhu, ya zauna da wannan ciwo har ƙarshen ransa.

Abu ɗaya ya kamata mu riƙe daga wannan zamani nasa. A jihohin Yuta da Nebada Beatty ya ga yadda ake cin riba daga dutsen da tagullar da ke cikinsa 'yar kaɗan ce, irin wanda masu haƙa na dā suke rainawa. Sirrin shi ne a haƙa da yawan gaske, a niƙa da manyan injuna, a tace da sabuwar dabara. Watau ya koyi ganin daraja a cikin abin da wasu suka taka suka wuce. Haka kuma tun a 1906 ya fara sa hannu cikin harkar Afirka, lokacin da attajiran Amurka suka shirya da Sarki Leopold na Beljiyam aka kafa kamfanin Forminière don haƙa a Kwango. Ba sai na tuna muku irin sunan da Leopold ya yi a Kwango ba, kuma a 1906 duniya ta riga ta ji labarin.

A 1911 matarsa ta fari ta rasu da zazzaɓin taifot, ta bar masa 'ya'ya biyu. Shekara ta zagayo ya kwashe su ya koma Landan, ya sake aure a 1913, ya kafa kamfaninsa na kansa, Selection Trust, a 1914. Daga baya, a 1933, ya karɓi takardar zama ɗan Ingila.

Gwanki

Akwai labarin da kowane ɗan makaranta a yankin tagulla na Zambiya ya sani. A 1902 wani Bature mai neman ma'adinai, William Collier, ya harbi gwanki a bakin kogin Luanshya, dabbar ta faɗi a kan wani dutse mai kore-kore, alamar tagulla. Shi ya sa da aka buɗe mahaƙa a wurin aka sa mata suna Roan Antelope, watau Gwanki. Ni kam in na ji irin wannan labari nakan yi murmushi, don mutanen wannan yanki sun daɗe suna narka tagulla suna ciniki da ita tun ba a haifi kakan Collier ba. Amma a bar wannan.

Shekara fiye da 20 wurin ya zauna ba wanda ya damu da shi ƙwarai. Dalili kuwa, dutsen da ke sama-sama ba shi da tagulla da yawa, ga kuma Katanga a tsallaken iyaka inda dutsen ya ninka shi kyau. Beatty ya karɓi izinin wurin a 1925, ya aika da wani injiniya Ba'amurke, Russell Parker, ya ce a nutsa ƙasa. Da aka nutsa sai aka tarar da wani irin dutse dabam, mai haɗe da farar wuta, shimfiɗe mil bayan mil, kuma irin wanda sabuwar dabarar tacewa take iya cire wa tagulla cikin sauƙi. Abin da ya koya a Yuta ke nan ya yi masa rana. Aka kafa kamfanin Roan Antelope a 1927, da Rhodesian Selection Trust a 1928. Luanshya ta fara fitar da tagulla a 1931, Mufulira kuma a 1933. Tun daga 1930 mafi yawan hannun jarin ya koma wurin wani kamfanin Amurka, American Metal, amma Beatty ne ya ci gaba da shugabanci daga Landan har 1950.

A yi masa adalci. Lokacin da aka fara aiki a Luanshya zazzaɓin cizon sauro da cututtukan ruwa suna kashe ma'aikata ƙwarai, har mutane suka riƙa gudu suna cewa wani maciji ne a cikin kogin yake cin rayuka. Kamfanin ya gayyato Sir Malcolm Watson na Cibiyar Ross, gwanin yaƙi da sauro, aka miƙar da kogin, aka janye ruwan fadamu, mace-mace suka ragu sosai. Wannan aiki ne na gaske, ko da za a ce kamfanin ya yi shi ne don kada aikinsa ya tsaya.

Yanzu ga takarda ta farko. Ma'adinan ƙasar Rodeshiya ta Arewa, kamar yadda ake kiran Zambiya a lokacin, ba na gwamnatin ƙasar ba ne, balle a ce na mutanenta. Na kamfanin British South Africa ne, wanda Cecil Rhodes ya kafa, bisa hujjar wasu yarjejeniyoyi da aka yi da Lewanika, Sarkin Barotse, tun daga 1890, alhali kuwa ƙasar Lewanika tana can yamma, nesa da inda tagullar take. A kan wannan hujja kamfanin ya yi ta karɓar la'ada a kan kowane tan da aka haƙa, har zuwa ranar samun 'yancin kai, 24 ga Oktoba, 1964, sa'ad da ya saki haƙƙin bayan an biya shi fam miliyan 4. Bayan haka, da yake ofisoshin kamfanonin haƙar suna Landan, Baitulmalin Ingila yana ɗaukar rabonsa daga harajin ribarsu kafin saura ya koma ƙasar da aka haƙa. Sai a 1953 Rhodesian Selection Trust ya mai da mazauninsa Lusaka.

To, in la'ada ta tafi wurin wannan, haraji ya tafi wurin wancan, wa zai biya kuɗin gudanar da mulki? Talaka mana. A watan Mayu na 1935 gwamnati ta ƙara harajin kai na mazauna yankin haƙa daga sule 12 da sisi zuwa sule 15, aka kuma sanar da ƙarin farat ɗaya. Ma'aikata baƙar fata suka ajiye aiki a Mufulira, yajin ya bazu zuwa Nkana, ya iso Luanshya. Ran 29 ga wata 'yan sanda suka buɗe wuta a harabar Roan Antelope, suka kashe mutum 6. Ba Beatty ya ƙara harajin ba, ba shi ya ba da umurnin harbi ba, kuma ba na so kowa ya fita daga nan ya ce haka na faɗa. Abin da na ce shi ne, a shekarun da yake sayen littattafai mafi tsada a duniya, mutanen da suke fasa dutsen da ke biyan kuɗin suna mutuwa a kan sule 2 da sisi. Hausawa suka ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ga kuma shingen launin fata, wanda ya keɓe ayyukan gwaninta ga Turawa kaɗai. Ma'aikata baƙaƙe ba su sami ƙungiyarsu ta ƙwadago ba sai 1949, a ƙarƙashin Lawrence Katilungu, shingen kuma bai fara tsagewa ba sai a zamanin Ronald Prain, wanda ya gaji Beatty.

Daimon

Labarin daimon ya fi kusa da mu. A 1919 Albert Kitson, shugaban binciken ƙasa na Gwalkwas, watau Ghana ta yau, ya tsinci daimon kusa da kogin Birim. Wannan Kitson ɗin kafin nan a Kudancin Nijeriya ya yi aiki, kuma binciken da ya shugabanta ne ya gano kwal a wajen Udi. Ku lura, ma'aikacin gwamnati ne ya gano, da kuɗin jama'a. Wanda ya haƙa kuwa kamfanin Beatty ne, Consolidated African Selection Trust, wanda ya kafu a Akwatia a 1924. Garin ya cika da 'yan ci-rani daga arewa, har yau kuma akwai zango a Akwatia inda za ka yi ciniki da Hausa.

Haka aka maimaita a Saliyo. Ma'aikatan binciken ƙasa na gwamnati suka gano daimon a ƙasar Kono a 1930. A 1934 aka kafa Sierra Leone Selection Trust, gwamnatin mulkin mallaka kuma ta ba shi takarda ta biyu cikin waɗanda nake magana: izinin neman daimon da haƙarsa a duk faɗin ƙasar, shi kaɗai, har shekara 99. Jama'a, a tsaya a auna wannan. Ƙasa guda, kamfani guda, ƙarni guda saura shekara. Ma'anarta ita ce manomin Kono da ya tsinci dutse a cikin rafin da kakanninsa suka sha, in ya sa shi a aljihu ya zama ɓarawo a idon doka. Doka irin wannan ba ta hana mutane haƙa, sai dai ta koya musu haƙa da dare. Zuwa farkon shekarun 1950 dubban mutane sun kwararo Kono, daimon yana sulalewa ta Laberiya, gwamnati ta rasa yadda za ta yi. A 1955 aka sake zama, kamfanin ya haƙura da yawancin ƙasar ya riƙe wuraren da suka fi albarka, aka kuma biya shi diyya ta sama da fam miliyan 1 da rabi. Watau mutanen Saliyo suka sayi izinin taɓa ƙasarsu. Ba zan ɗora wa Beatty alhakin yaƙin basasar da ya cinye ƙasar daga 1991 zuwa 2002 ba, wannan zalunci ne. Shugabannin Saliyo na bayan 'yancin kai suna da nasu kaso mai tsoka. Amma al'adar fasa-ƙwaurin daimon, wadda ta ciyar da wannan yaƙi, a ƙarƙashin waccan takarda ta yi jijiya.

Kasuwar Alƙahira

Ciwon huhun nan da ya samo a rami shi ya kai shi ga littattafai. Sanyin Landan ba ya yi masa, don haka daga 1914 ya riƙa zuwa Masar yana cin hunturu, har ya yi gida kusa da dalar Giza, wanda ake kira Baitul Azraƙ, watau Shuɗin Gida. A kasuwannin Alƙahira ya fara cin karo da Alƙur'anai na rubutun hannu masu ado da ruwan zinariya. Ba ya jin Larabci, ba kuma Musulmi ba ne. Ido gare shi, irin idon da ya ga tagulla a inda wasu suka ga dutse. A wancan lokaci attajiran Turai da Amurka zanen fenti na Italiya da Holan suke rububi, littattafan Gabas kuwa ba su da masu saye da yawa. Ga shi kuma Daular Usmaniyya tana rushewa, manyan gidaje a Istambul da Dimashƙa da Farisa sun shiga matsi suna fitar da kayan gado. Ya iso kasuwa da kuɗi a hannu daidai lokacin da masu kaya suke cikin ƙunci.

Ya bi sayen littafi kamar yadda yake bin haƙa. Ba ya saye sai gwani ya auna masa. Ya jawo masana daga Gidan Tarihin Biritaniya suna duba masa kaya, yana da dillalai a Alƙahira da Faris da Landan, kuma ya fi son abu ɗaya mai kyan gaske da tarkace goma. Da haka ya tara Alƙur'anai wajen 260, daga na farkon ƙarnonin Musulunci masu rubutun Kufa a kan fata, zuwa na Mamalik na Masar, da na Shiraz irin wanda Ruzbihan ya rubuta a ƙarni na 16. A cikinsu har da 'yan kaɗan daga Afirka ta Yamma, warwarar takardu cikin gafaka, irin waɗanda kowa a nan ya sani a hannun alarammomi. Littattafan Larabci na fiƙihu da hadisi da nahawu da ɗibbu da ilmin taurari sun haura 2,500, har Farfesa Arthur Arberry na Kambirij ya cika juzu'i 8 wajen jera sunayensu kawai, daga 1955 zuwa 1966. Ban da wannan akwai littattafai masu zane na fadar sarakunan Mugal na Hindu, da naɗaɗɗun zane na Japan, da littattafan fadar Sin waɗanda aka sassaƙa a kan dutse mai daraja.

Amma abin da ya fi girgiza masana shi ne tsofaffin takardun Masar, irin waɗanda ake yi da wata ciyawa ta bakin Nilu. Ran 19 ga Nuwamba, 1931, Sir Frederic Kenyon ya sanar a jaridar The Times cewa Beatty ya sayi wasu littattafai na Kirista cikin harshen Girka. Kafin nan, manyan kwafin Linjila mafi tsufa da aka sani na ƙarni na 4 ne. Sai ga littafi na ƙarni na 3 mai ɗauke da Linjila huɗu da Ayyukan Manzanni, ga kuma wasiƙun Bulus da aka kwafa wajen shekara ta 200. A dare ɗaya tarihin nassin ya ja baya da fiye da shekara 100.

Wannan littafi na wasiƙun Bulus yana koya mana yadda kasuwar take. Warƙa 86 ne suka rage daga cikinsa. 56 suna Dublin, 30 kuma suna Jami'ar Mishigan a Amurka. Littafi ɗaya ne, dillalai suka yayyaga shi suka sayar kashi-kashi, don sun gane haka ya fi kawo kuɗi. Haka aka yi wa littattafan addinin Mani da aka tono a Madinat Madi, a ƙasar Fayum, a 1929: rabi ya tafi wurin Beatty, rabi ya tafi Balin, wani sashe na rabon Balin kuma ya salwanta a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Ina ambaton wannan ne saboda masu cewa duk abin da ya isa Turai ya tsira.

Shin sata ya yi? A'a. Ga takarda ta uku: dokar kayan tarihi ta Masar ta 1912 ta halatta ciniki ta hannun dillalai masu lasin, irin su Maurice Nahman wanda Beatty ya saya a wurinsa, kuma ba a rufe wannan ƙofa gaba ɗaya ba sai da dokar 1983. A lokacin kuma hukumar kayan tarihin Masar a hannun Faransawa take, ƙasar kanta a ƙarƙashin ikon Ingila. Akwai wani ɓangare da ya fi wannan nauyi ga masu ilmin shari'a. Da yawa daga littattafan da suka cika kasuwannin Gabas a wancan zamani asalinsu waƙafi ne na masallatai da makarantu, waƙafi kuwa ba a sayar da shi, ba a gadonsa. Kafin littafi irin wannan ya isa hannun Bature, wani ɗan gida ne ya fara zare shi daga kan kanta. In za mu yi hisabi, a yi da shi ma.

Ni kaina na taɓa shiga wani tsohon gidan malamai a ƙasar nan, aka jawo mini buhu daga ƙarƙashin gado, aka ce littattafan kakansu ne. Da na sa hannu sai na ɗebo gari; gara ta gama da su tun tuni. Ranar nan ban iya yin fushi da Beatty ba. Shi ya kira Hugo Ibscher, gwanin gyaran tsofaffin takardu na Balin, ya ɓamɓare warƙoƙin da suka manne ya sa su tsakanin gilasai. Ya biya masana suka rubuta bayanin abin da ya mallaka. Ya buga, ya rarraba. Muna da dokar kayan tarihi tun 1953, muna da hukuma tun 1979, amma doka ba ta kashe gara.

Kyauta, da ƙaura zuwa Ailan

Wajen kyauta, abin da ya fi amfanar 'yan Adam cikin ayyukansa ba littafi ba ne. A shekarun 1930 ya sayi wani gini a unguwar Chelsea ta Landan, ya gyara shi ya ba masu binciken ciwon daji, aka buɗe shi a 1939 da sunansa. A wannan cibiya, a ƙarƙashin Alexander Haddow, aka haɗa magunguna 3 a shekarun 1950, busulfan da kulorambusil da melfalan, waɗanda har yau likitoci suke ba masu sankarar jini da ta ɓargo. Wanda bai taɓa jin sunan Beatty ba yana iya shan amfaninsa a gadon asibiti. A Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ba da gidansa na Landan aka mai da shi asibitin soja. A na Biyu kuma ya yi wa gwamnatin Churchill aikin samo kayan da yaƙi yake bukata.

Kowa ya ɗauka Gidan Tarihin Biritaniya ne zai gaji littattafansa, tunda tun 1930 ya riga ya ba shi tsofaffin takardun Fir'aunoni masu daraja. Sai abubuwa suka juya bayan yaƙi. Jam'iyyar Leba ta hau mulki a 1945, haraji ya yi tsanani, aka kafa dokoki masu tsauri kan fitar da kuɗi, tsohon da ya saba tafiya ƙasa mai ɗumi saboda huhunsa ya ga sai ya nemi izinin akawu kafin ya taɓa kuɗinsa. Sababbin shugabannin Gidan Tarihin ma ba su riƙe shi yadda na dā suka riƙe shi ba. Ya yi fushi. Akwai abin dariya a nan, in an lura: mutumin da ma'aikatansa suka mutu a kan ƙarin harajin sule 2 da sisi, shi ma haraji ne ya kore shi daga gida. Bambancin kawai, shi yana da inda za shi.

Ailan a 1950 ƙasa ce matalauciya, samarinta suna tsallakawa Ingila neman aiki dubu-dubu, shekara ɗaya kacal da zama jamhuriya. Amma tana da ma'aikata masu ido. Frederick Boland, babban sakataren Ma'aikatar Harkokin Waje, da abokan aikinsa sun gane abin da yake ƙwanƙwasa musu ƙofa. Ga takarda ta huɗu ke nan: aka sauƙaƙa masa shigo da kaya ba kuɗin fito, aka sassauta masa dokar canjin kuɗi, aka daidaita batun harajin gado. Kaya wajen tan 35 suka tsallaka teku. A wannan shekara ya ba gidan zane na ƙasa zane-zanen fenti 93. Ya sayi fili a titin Shrewsbury ya gina laburare da kuɗinsa. Ingila ta ba shi lambar Sir a 1954, bayan ɓari ya riga ya auku. Ailan kuma a 1957 ta mai da shi ɗan ƙasa na girmamawa, mutum na farko da aka taɓa yi wa haka. Ana iya cewa gwamnatin Ailan ta yi wa attajiri gata wanda ba ta yi wa talakanta, kuma haka ne. Amma a kwatanta cinikin da na Saliyo. Can an ba da ƙasa guda na shekara 99 aka karɓi ɗan kaso. Nan an yafe harajin mutum ɗaya na 'yan shekaru aka karɓi abin da ba ya ƙarewa. Bambancin ba na wayo ba ne kawai. Boland ɗan ƙasar da yake yi wa ciniki ne, a cikinta zai tsufa. Wanda ya sa hannu a Firitawun kuwa yana jiran fansho ne ya koma Ingila.

Beatty ya rasu a Monte Carlo ran 19 ga Janairu, 1968, saura 'yan makonni ya cika shekara 93. Aka kawo gawarsa Dublin, gwamnati ta yi masa jana'iza ta ƙasa, abin da ba a taɓa yi wa wanda bai riƙe muƙami ba, aka binne shi a maƙabartar Glasnevin. A wasiyyarsa ya bar laburaren a hannun amintattu domin amfanin jama'a. In da Musulmi ne da sai mu ce waƙafi ya yi.

Kamfanoninsa ba su daɗe bayansa ba. Gwamnatin Kenneth Kaunda ta karɓi kashi 51 cikin 100 na mahaƙan tagulla a 1970, ta Siaka Stevens ta yi haka da daimon ɗin Saliyo a wannan shekara, Ghana kuma ta karɓi kashi 55 a Akwatia a 1972. Shi kansa Selection Trust kamfanin mai na BP ya saye shi a 1980. Farashin tagulla ya faɗi daga tsakiyar shekarun 1970, bashi ya danne Zambiya, aka sake sayar da mahaƙan ga 'yan kasuwa. Ta Luanshya ta faɗa hannun wani kamfani mai suna Binani a 1997.

A watan Fabrairu na shekara ta 2000 aka buɗe sabon mazaunin laburaren a cikin fadar Dublin, fadar da Ingila ta riƙa mulkin Ailan daga cikinta. Shiga kyauta ne, a 2002 ya ci lambar gidan tarihi mafi kyau a Turai, kuma an ɗauki hoton littattafai da yawa an sa a intanet, ta yadda ɗalibi zai iya buɗe Alƙur'anin Ibnul Bawwabi warƙa-warƙa daga ɗakin kwanansa, ba biza, ba kuɗin jirgi. Kafin wannan shekara ta 2000 ta ƙare, kamfanin da ke riƙe da Luanshya ya karye, aiki ya tsaya, dubban ma'aikata suka zauna suna bin haƙƙinsu. A 2009 wani kamfanin gwamnatin Sin ya karɓi wurin.